Akwatin da Ya Ƙone

"Yaron nan ba zai sake tako mini ƙofar gida ba," in ji Baba. "Ki ji da kyau."

Auta na durƙushe a gefen kujerarsa, kofin shayin da ta kawo masa yana hannunta, ta ma manta da shi. Shekararta ashirin da bakwai, ita ce ƙarama a gidan, amma a safiyar nan ji take kamar an mayar da ita 'yar shekara biyar.

"Baba, don Allah ka saurare shi ko sau ɗaya ne."

"A saurari me?" Gwaggo ce ta cafe daga ƙofar kicin, ludayi a hannu. Ƙanwar Baba ce, ita ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarta, kuma babu maganar da za a yi a gidan ba ta sa baki ba. "Kanti guda ya ƙone ƙurmus, mai kemis na zaune da hannu a naɗe da bandeji, ke kina cewa a saurare shi? Yau kantin magani ya ƙona, gobe ke zai ƙona mana!"

"Ba ƙurmus ya ƙone ba, Gwaggo. Gaban kantin ne kawai."

"Au, to sannu! Sai mu shirya mu je mu yi masa godiya da ya bar bayan."

Wanda ake maganar a kansa shi ne saurayin da kowa ke kira Injiniya. Sana'arsa tsara akwatunan haske da ƙera su, irin waɗanda ake saka hoto ko talla a fuskarsu, fitilu na ci daga ciki, a kafa su a gaban kantuna da tashoshin mota. Shekara uku ke nan yana neman Auta, shekara uku Baba yana kawar da kai.

Dalilin Baba ba ɓoyayye ba ne. Shekara arba'in ya yi yana rubuta allunan kantuna da buroshi da fenti, har akwai lokacin da in ka bi babban titi daga farko zuwa ƙarshe rubutun hannunsa kake karantawa. Da akwatunan haske suka shigo, aka dinga sauke allunansa ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Ya dai wanke buroshinsa ya adana, ya kuma ɗauki ƙiyayyar duk wani abu mai ci da wuta a jikin bango.

Sai ga wannan gobara, kwana biyar da suka wuce. Akwatin da ke saman kantin magani ya kama da wuta da tsakar rana, kuma akwatin Injiniya ne.

Baba ya juya wajen babban ɗansa, wanda ke zaune a bakin taga tun ɗazu.

"Kai ka kafa akwatin nan, ko ba haka ba?"

"Ni na kafa, Baba."

"Yadda ya kawo shi, haka ka kafa shi?"

Yaya ya ƙura wa yatsun ƙafarsa ido. "Haka ne."

Da shi da Auta a wuri ɗaya suke aiki, kamfanin buga hotuna da tallace-tallace na wani mutum da ake kira Manaja. Ita tana gyara hotuna a kwamfuta, shi kuma shi ne shugaban masu kafawa. Manaja ke karɓo aiki, ya buga hoton, ya ba Injiniya ƙirar akwatin, sannan Yaya ya je ya kafa. Manajan nan kuma tun bara yake aiko wa Gwaggo turare da gaisuwa, kowa ya san inda ya dosa.

"Kin ji dai da kunnenki," in ji Baba. Muryarsa ta ɗan sauka. "Ni ba zan zaɓa miki miji ba, ban yi wa yayyenki mata ba, ba zan fara a kanki ba. Amma mutumin da ba ya tsoron Allah a aikinsa, ba zai ji tsoronsa a kan 'yata ba. Ki je yau, ki faɗa masa da bakinki. Ki ce ya haƙura."

"Ga mutum har mutum yana jira," Gwaggo ta ƙara. "Mota biyu, gida da bene, ga ladabi. Jiya har ƙasa ya tsuguna ya gaishe ni."

"Ke kuma ya isa," in ji Baba.

Auta ta ajiye kofin a hankali. Hawayen da take ta riƙewa suka ƙwace, ta tashi da sauri ta shige ɗaki ta ɗauko mayafinta. Da ta zo wucewa ta kalli Yaya. Ko ɗago kai bai yi ba, abincin da aka ajiye masa yana nan a rufe yadda aka kawo shi.

* * *

Ba ta kai bakin titi ba wata farar mota ta rage gudu a gefenta. Gilashi ya sauka, sanyin mota da ƙamshin turare suka bugo ta.

"Ranki ya daɗe, a ƙasa? Shigo in sauke ki."

"Na gode, Manaja. Kusa zan je."

"Na san inda za ki." Ya yi murmushi, irin wanda yake yi wa manyan masu kawo aiki. "Wallahi tausayi yake ba ni. Yaro ne mai hannu, sai dai gaggawa. Dole ta sa na janye sauran aikin da na ba shi, kin san sunan kamfani ba abin wasa ba ne."

Ta gyara mayafinta ta kau da kai.

"Yayanki kuwa, ina ta tunanin ƙara masa matsayi. Mutum mai 'ya'ya uku ai ya kamata a duba shi. Amma komai yana tafiya ne da yadda zumunci ya tafi, kin gane ko?"

Ta gane sarai. Ta ji kamar ta tofa masa wata magana, sai ta tuna yaran Yaya, ta haɗiye.

"A sauka lafiya," kawai ta ce, ta tare tasi.

* * *

Shagon Injiniya yana cikin wani layi na masu walda da kafintoci, dogon ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe. Sandunan alminiyon na jere a bango, kowanne da tsawonsa a rubuce a jiki. Fallayen farar roba mai kamar gilashi na jingine a kusurwa, an sa kwali tsakaninsu don kada su goge. Bangon ƙarshe kuwa duk zane-zanen fensir ne, akwati ta gaba, akwati ta gefe, akwati a buɗe, da ƙananan lambobi.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Bai gan ta ba.

Yana sunkuye a kan wani ƙaramin akwati, wanda bai fi girman tire ba. A fuskarsa hoton wata tsohuwa ne tana dariya. Ya kunna, ya ja da baya ya kalla, ya girgiza kai. Ya kashe, ya cire hoton, ya matsar da zirin fitilun baya da kamar faɗin yatsa, ya mayar, ya sake kunnawa.

Nan take fuskar tsohuwar ta cika da haske, babu inda ya fi wani, har kana ganin lallausan gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta.

Wannan ne abin da ya fara kama zuciyar Auta shekara uku da suka wuce. Ranar ta buga wani hoto ta kai masa, ya mayar mata da shi, wai fatar mutumin za ta yi toka-toka in haske ya bi ta baya. Ta ji haushi, ta ce gyara hoto aikinta ne. Bai yi musu ba, ya dai saka hoton a akwati ya kunna. Ta ga gaskiyarsa. Ya zauna ya nuna mata bambancin farin haske mai sanyi da mai ɗumi, da yadda zurfin akwati ke hana idon fitila fitowa ɗigo-ɗigo a fuskar hoto, da dalilin da ya sa yake huda ƙananan ƙofofin iska ta ƙasa, inda ruwan sama ba zai shiga ba. Yana magana idonsa na ƙyalli, kamar mai ba da labarin 'ya'yansa. Ta koma ofis ranar ta kasa aikin komai.

Ta yi sallama. Ya ɗago, fuskarsa ta washe, sai kuma ya ga idanunta.

"Auta. Shigo, zauna." Ya share mata kujera da hannun rigarsa. "Kuka kika yi."

"Baba ne ya aiko ni."

Ya ajiye sukundireban da ke hannunsa. Ya rame a kwana biyar ɗin nan, idanunsa sun faɗa, akwai sabon yanka a bayan hannunsa.

"Ina jin ki."

"Ya ce ka haƙura." Muryarta ta karye. "Ya ce kada ka sake zuwa. Ni kuma ban taɓa saɓa masa ba, ka sani. Shi ya zame mini uwa da uba. Amma wallahi tun da na fito daga gida nake roƙon Allah kada tasin ta iso."

Ya goge hannunsa da tsumma. Can ya ce, "Baba yana da gaskiya. Ko ni ne uba, abin da zan yi ke nan."

"Kada ka ce mini haka!" Ta miƙe tsaye. "Ni fa na san ka. Ni na ga kana barin akwati a kunne kwana uku cur kafin ka bari ya fita daga shagon nan. Ni na ga ka kwance aikin mako guda saboda kusurwa ɗaya ta karkace da abin da ido ma ba ya gani. Kai ne za ka ƙera abin da zai kama da wuta? Ka dube ni ka ce kai ne."

Bai dube ta ba. Idonsa ya tafi can lungu, inda aka lulluɓe wani abu da tamfol.

"Akwatina ne. Tambarin shagona ne a jikinsa."

"Ba ita na tambaye ka ba."

"Ita ce amsar da nake da ita."

"To ni fa? Ni ba ni da haƙƙi a kanka? Shekara uku ina tsaye, Gwaggo ta yi mini gori, ƙawayena duk sun yi aure sun haihu, ban taɓa gajiya ba. Yanzu kalma ɗaya nake nema da zan kai wa Baba, ka hana ni?"

"Auta, da kalmar tawa ce ni kaɗai, da tuni na ba ki, har da ƙari." Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Kina tsammani da sauƙi nake tsaye a nan? Na zana gidan da za mu zauna, har inda tagar kicin za ta kalla. Amma akwai maganar da in ta fito, ba ni za ta rusa ba. Kuma ke ce za ki fi kowa kuka."

Ta zuba masa ido. "Me kake nufi?"

Kafin ya buɗe baki aka yi sallama a ƙofa, da muryar da ta sa su duka biyun suka daskare.

Baba ne, da sandarsa, da farar hularsa.

Injiniya ya zube ƙasa ya gaishe shi. Auta ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Tashi," in ji Baba. "Bayan fitarta na zauna na yi tunani. Na ɗora wa yarinya saƙon da ni ya kamata in kawo. Namiji ba ya korar namiji ta bakin 'yarsa. Shi ya sa na zo."

"Na gode, Baba. Ta isar da saƙon, kuma na karɓa."

Baba ya gyaɗa kai. Ya kamata ya juya ke nan, amma bai juya ba. Idonsa ya bi sandunan da ke jere, ya bi zane-zanen bango, ya sauka a kan hoton tsohuwar da ke ci har yanzu. Ya matsa kusa. Ya sa babban yatsa ya shafa kusurwar akwatin, inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ya sake shafawa, yana neman gaɓar bai same ta ba.

"Wace ce wannan?"

"Mahaifiyar wani direba ce, Baba. Ta rasu bara. Hoton nan kaɗai gare shi, kuma idonsa ya fara rauni, ba ya ganinta sosai a takarda."

Baba ya yi gyaran murya. Sai ya nuna lungu da sandarsa.

"Wancan ne ya ƙone?"

"Shi ne."

"Buɗe in gani."

"Baba, babu abin gani, gawayi ne kawai..."

"Yaro, shekara arba'in ina hawa bangon kantuna. Ban san wutar lantarki ba, amma na san aiki. Buɗe."

Injiniya bai motsa ba. Baba ya taka da kansa, ya sa kan sanda ya yaye tamfol ɗin.

Akwatin ya yi baƙi ƙirin, fuskarsa ta narke ta zubo kamar kitse. Warin ƙonanniyar roba ya cika shagon. Baba ya ciro tabarau daga aljihu ya saka.

"Kawo mini wani irinsa, lafiyayye. Buɗe bayansa."

Wannan karon Injiniya ya bi umarni. Ya ɗora wani sabon akwati a kan tebur ya kwance bayansa. Auta ta matso.

Cikin akwatin kamar ɗakin amarya don tsari. Wayoyi sun bi gefe a miƙe, kowace an ɗaure ta da ɗan maƙali. Duk inda waya ta haɗu da waya an liƙe da dalma, sumul, an sa mata riga. A ƙasa ga wani ɗan ƙarfe mai ramukan iska, an ɗaga shi kaɗan daga jikin akwatin.

"Wannan fa?"

"Ƙaramar taransifoma ce, Baba. Ita ke rage ƙarfin wuta kafin ta shiga fitilun. Ita ce mai ɗaukar zafi, shi ya sa nake sa mai gidan ƙarfe, in bar mata wurin shan iska."

Baba ya koma kan ƙonannen. Ya tsuguna da ƙyar, Auta ta kama masa gwiwar hannu. A inda ya kamata a ga ɗan ƙarfen nan, wani dunƙulen baƙar roba ne ya narke ya manne. Sauran wayoyin akwatin duk da dalmarsu, ko wuta ba ta raba su ba. Biyu ne kawai, waɗanda suka shiga dunƙulen, aka murɗe da hannu aka naɗe da baƙin salatef.

"Hannu biyu ne suka yi aikin nan," in ji Baba a hankali.



Ya sa farce ya ɓare ragowar salatef ɗin. Ya kawo wayar daf da tabaraunsa, ya juya ta, ya sake juyawa. Sai ya dubi Injiniya.

"Da wane hannu kake aiki?"

"Da dama, Baba."

"Ɗauko waya biyu ka murɗa mini."

Injiniya ya tsaya kamar an dasa shi. "Baba, don girman Allah ka bar maganar nan."

"Murɗa."

Ya murɗa. Baba ya karɓa, ya ajiye ta kusa da ƙonanniyar. Ko Auta da ba ta san komai a harkar ba ta ga bambancin. Ɗaya ta naɗe ta dama, ɗaya ta hagu, kuma ta hagun an lanƙwasa bakinta an mayar da shi baya kamar ƙugiya.

Baba ya cire tabarau. Ya lalubi kujera ya zauna.

"Bahago ne," ya ce. "Tun yana ɗan shekara tara yake bi na rataye alluna. Ni na koya masa murɗa waya. Na yi faɗa, na yi lallashi, ya ƙi juyawa ta dama. Wannan ƙugiyar kuwa tawa ce, ni na nuna masa ita don kada allo ya zame."

Auta ta dafe ƙirji. "Yaya?"

Ta juya ta kalli Injiniya, ya sunkuyar da kai. Sai yanzu ta fahimci abincin da aka bari a rufe, da idon da ya ƙi ɗagowa. Ta zame ta zauna a ƙasa, kuka ya zo mata marar sauti.

"Faɗa mini duka," in ji Baba. "Kada ka rage."

Injiniya ya durƙusa a gabansa. Ya ce akwati goma sha biyu ya ƙera wa kamfanin a wancan zubin, duk da taransifoma mai gidan ƙarfe. Da aka kai su, Manaja ya sa aka cire taransifomomin aka kai wani babban aiki da yake son burge masu shi, ya kawo na roba marasa inganci ya ce a maye gurbi. Yaya ya yi gardama, aka nuna masa ƙofa, aka ce ya zaɓa. Washegarin gobarar, da sassafe, Yaya ya zo shagon nan yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya faɗi komai.

"Shi ne ya roƙe ka ka rufa masa asiri?"

"A'a, Baba. Cewa ya yi zai je ya tona kansa. Ni na hana shi. In ya yi magana, Manaja zai ce bai san zancen ba, babu takarda, babu shaida. Shi za a kama, shi za a kora, ga yara uku, ga matarsa da tsohon ciki. Ni kuwa ni kaɗai ne. Sunana zai ɓaci shekara ɗaya ko biyu, in Allah ya so aikina zai wanke ni."

"Ita fa?" Baba ya nuna Auta. "Ka yarda ka rasa ta?"

Hawaye ya gangaro masa, bai share ba.

"Ban yarda ba, Baba. Wallahi ban yarda ba. Amma ban ga yadda zan shiga gidanka ta kan ɗanka ba. In na same ta a haka, duk ranar da ta kalli yayanta ni za ta tuna."

Auta ta ɗago ta dube shi ta cikin hawaye. Ta sha ganin kyawun aikinsa, ta ɗauka ta gama saninsa. Ashe yadda yake gyara cikin akwati, inda babu mai buɗewa ya gani, haka yake da mutane.

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ɗago a firgice.

"Ka ce goma sha biyu. Sauran sha ɗayan fa? Suna can a kan mutane?"

"Yaya ya rubuta mini inda suke. Tun ranar nake bi ɗaya bayan ɗaya ina canzawa. Na gama goma."

"Kai kaɗai?"

"Ba su da wuya, Baba. Na ƙarshen ne yake sama sosai, a gaban wani shagon ɗinki. Na riga na yanke masa wuta, ba zai yi komai ba. Maƙwabcina mai walda nake jira ya dawo ya riƙe mini tsani."

Baba ya goge fuska da tafin hannu. Da ya yi magana, muryarsa ta dawo da ƙarfinta.

"Ka yi mana halacci, ba zan ɓoye ba. Amma ka yi kuskure ɗaya. Mai kemis ya ƙone a hannu, yana da haƙƙin sanin wanda ya ƙona shi. Kuma wanda ya sa aka yi wannan, in aka yi shiru, gobe zai sake. Ba a gyara wannan da shiru, ɗana."

Kalmar ta fito ne kawai, shi kansa Baba sai da ya ɗan tsaya. Injiniya ya ɗago da sauri. Auta ta toshe baki da mayafi.

Baba ya dogara sanda ya miƙe.

"Ke, share fuskarki. Kira yayanki, ki ce ya same ni a kantin mai kemis da la'asar. Ni zan tsaya a gefensa ya faɗi gaskiya da bakinsa, daga nan mu wuce wajen Manajan tare. Abin da zai biyo baya, mu ɗauka mu duka. Ba a kansa aka fara rasa aiki ba."

"To, Baba." Ta share fuskarta. "Baba... maganar ɗazu fa? Ta gida?"

"Ke dai akwai gaggawa, kamar gwaggonki." Ya juya wajen Injiniya. "Kai kuma me kake jira? Ɗauko kayan aikinka da tsanin."

"Baba, ai mai waldan bai dawo ba."

"Wa ya ce maka shi za mu jira? Kana ganin akwai wanda ya fi ni sanin riƙon tsani a garin nan?"

Injiniya ya miƙe. Ya zuba filaya da sukundireba da sabuwar taransifoma a jaka, ya saɓa tsani a kafaɗa. Da ya zo wucewa ya miƙa wa Auta makullin shagon, yatsunsu ba su ko haɗu ba, amma kallon da ya yi mata ya ishe ta.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu. Baba na gaba yana dogara sanda, Injiniya na biye da tsani yana rage tafiya don kada ya wuce shi. Ba su yi nisa ba Baba ya tsaya, ya waiwayo ya nuna allon da ke saman shagon da sandarsa.

"Wa ya tsara maka haruffan can?"

"Ni ne, Baba, a kwamfuta."

"Ai na gani. Sun cunkushe kamar fasinjoji a bas. Haske ka iya, rubutu kuwa da sauranka."

"Sai a koya mini, Baba."

"Mu ga yadda kake hawa tsani tukuna."

Masu walda suka bi su da kallo har suka sha kwana.

Auta ta koma ciki ta zauna a kujerar da Baba ya tashi. Ta ciro wayarta, ta daɗe tana kallon lambar kafin ta danna. Bugu ɗaya aka ɗauka, kamar dama wayar na hannunsa.

"Auta?"

"Yaya..." Ta ja numfashi. "Baba ya zo shagon. Ya ga wayar da ka murɗa."

Sai ta ji wani irin numfashi, na mutumin da aka sauke wa kaya daga ka.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya, muryarsa na rawa da kuka. "Faɗa mini inda zan same shi."